Daga Zanen Alli Zuwa Allon Kwamfuta

A ƙarshen watan Maris na 1974, ma'aikatan wata masana'antar sinadarai da ke Flixborough, wani ƙauye a bakin kogin Trent a Ingila, suka lura ɗaya daga cikin manyan tukwanensu na ƙarfe tana yoyo. Tukwanen shida ne a jere, kowace ta ɗan fi mai bi mata tudu, tana kwarara mata wani ruwan sinadari mai saurin kama wuta da ake dafawa a matse don samo abin yin zaren nailan. Ta biyar ce ta tsage. Aka ɗauke ta, aka haɗa ta huɗu da ta shida da bututun wucin gadi mai faɗin inci 20 don kada aiki ya tsaya. Da yake bakunan biyu ba su yi daidai da juna ba, sai aka yi wa bututun gwiwa biyu. Zanensa kuwa da alli aka yi shi a daɓen ɗakin gyara. Ba a yi cikakken lissafin nauyin da zai iya jurewa ba, kuma a lokacin kujerar babban injiniyan gyara na kamfanin ba kowa a kanta: mai ita ya bar aiki, ba a naɗa wani ba.

Bututun ya yi wata biyu yana aiki lami lafiya. Ranar Asabar 1 ga Yuni, gab da ƙarfe biyar na yamma, tan-tan na sinadarin ya tsere ya zama hazo, hazon ya kama wuta. Mutum 28 suka mutu, 18 daga cikinsu a ɗakin sarrafa injina. Da a ranar aiki abin ya faru, da ofisoshin da suka rushe cike suke da mutane. Kwamitin binciken gwamnati ya ɗora alhakin a kan wannan bututu.

Na fara da allin Flixborough ne domin duk wata manhajar tantance haɗari da ake sayarwa yau, in ka tone ta, za ka tarar da tambayoyin da ba a yi ba a wancan ɗakin gyara. Me za a canza? Wa ya duba lissafin? In ya karye, me zai fito, kuma su wa ke kusa? Tambayoyin sun girmi kwamfutar da ke riƙe da su, kuma kusan kowacce sai da aka yi jana'iza kafin aka ƙara ta a cikin jerin.

Tun kafin wannan, a 1931, wani jami'in kamfanin inshora na Travelers a Amurka, Herbert Heinrich, ya fitar da littafi kan rigakafin haɗurran masana'antu. Shi ne ya yaɗa cewa a bayan kowane mummunan rauni guda akwai ƙananan raunuka 29 da kuma haɗurra 300 da ba su ji wa kowa ciwo ba, kuma kashi 88 cikin ɗari na haɗurra daga gangancin ma'aikaci suke. Masana na baya sun nemi takardun da ya gina waɗannan alƙaluma a kansu ba su samu ba, amma ra'ayin ya yi jijiya, kuma za mu sake cin karo da shi. A wannan zamanin ne dai wata dabara mai sauƙi ta fara zaga gari, wadda har gobe ita ce ƙashin bayan sana'ar. A raba takarda gida uku. A gidan farko a rubuta matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, a na biyu abin da zai iya cutarwa a kowane mataki, a na uku abin da za a yi don kauce masa. Mai canza tayar babbar mota ko mai hawa tsani zai iya cika ta da fensir cikin rabin sa'a.

Kwamfuta ta shigo ne ta ƙofar soja. A 1962, H. A. Watson na ɗakunan binciken kamfanin Bell ya tsara wata hanya don rundunar saman Amurka, wadda ke tsoron kada makami mai linzami na Minuteman ya tashi ba da umarni ba. Ana rubuta mummunan abin a sama, sai a gangaro ana tambayar me da me za su haɗu su haifar da shi, har zanen ya yi rassa kamar bishiyar da aka kifa. A wasu rassan abu guda ya isa, a wasu sai biyu sun lalace tare. Boeing ya ɗauki dabarar, masu tashoshin nukiliya suka bi sahu. In rassan suka kai dubbai, ba mai iya lissafa haɗuwarsu da hannu, don haka tun farkon shekarun 1970 aka rubuta manhajojin da ke wannan lissafi a manyan kwamfutocin da ke cika ɗaki. Rahoton Rasmussen na 1975 kan tashoshin nukiliyar Amurka da irin wannan bishiya aka gina shi.

A Ingila kuwa hanyar ta fi kama da zaman majalisa. A 1963, wasu injiniyoyi uku na kamfanin ICI suka riƙa zama kwana uku a mako har tsawon wata huɗu suna bin zanen wata sabuwar masana'anta bututu bayan bututu. Daga wannan zama aka samo abin da ake kira HAZOP. A ɗauki bututu guda, a faɗi abin da ake so ya yi, sannan a jarraba shi da wasu 'yan kalmomi. In babu kwarara fa? In ta yi yawa? In ta yi kaɗan? In ta koma da baya? In wani abu daban ya shigo? Kowace tambaya sai an nemo sanadinta, da abin da zai biyo baya, da katangar da aka tanada. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma gajiyarwar ce amfaninsa, domin ba ya barin gwani ya ce wannan ai sananne ne ya wuce. An wallafa bayanin hanyar a 1974, shekarar Flixborough, sai masana'antu suka rungume ta. Wanda ya fi kowa yi mata shela shi ne Trevor Kletz, wanda ya zama mai ba ICI shawara kan tsaro a 1968. Kletz ya sha nanata cewa kamfani ba shi da ƙwaƙwalwa, mutane ne ke da ita, kuma mutane suna ritaya. Bayan shekara goma sai ka ga an cire wani bawul da ba wanda ya tuna dalilin sa shi, haɗarin da ya sa aka sa shi ya dawo. Duk wanda ya taɓa neman tsohon fayil a ofis bayan mai riƙe da makullin ya bar aiki ya san abin da yake nufi.

Wata tambayar kuma ita ce ina gubar za ta kai in ta fita. Bayan hayaƙin dioxin ya sauka a kan garin Seveso na Italiya a Yulin 1976, ƙasashen Turai suka kafa doka a 1982 mai ɗauke da sunan garin. Gwamnatin Holan, wadda matatun Rotterdam ke maƙwabtaka da gidajen jama'arta, ta sa kamfanin Technica ya rubuta mata manhajar SAFETI a farkon shekarun 1980. A ba ta girman tanki da irin sinadari da ƙarfin iska, ta zana a taswira iyakar inda mutuwa za ta iya kaiwa. Sai ga Bhopal ta Indiya a daren 2 ga Disamba 1984, inda kimanin tan 40 na iskar guba ta fita daga masana'antar Union Carbide ta bi unguwannin talakawa suna barci. Gwamnatin jihar daga baya ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, wasu ƙididdigar sun ninka haka. Na'urar sanyaya tankin a kashe take, bututun ƙona iskar kuma ana gyaransa. Shekara biyu bayan haka hukumar NOAA ta Amurka ta haɗa kai da 'yan kwana-kwana na birnin Seattle ta fitar da CAMEO, manhajar da ke gaya wa mai kashe gobara abin da ke cikin ganga da inda hayaƙinsa zai nufa. Har yau kyauta ake ba da ita.

Amma labarin da ya fi kowane tsara manhajojin shirya aiki shi ne na Piper Alpha, dandamalin haƙar mai na kamfanin Occidental a Tekun Arewa, kimanin kilomita 190 daga Aberdeen ta Sikotland. A irin waɗannan wurare ba a taɓa ko ƙusa sai da takardar izinin aiki. Wanda ya taɓa walda a matatar mai ya san ta: ta faɗi aikin, da wurin, da abin da aka kashe ko aka kulle, sannan mai ba da izini da mai karɓa su sa hannu. A Piper Alpha akwai famfo biyu masu tura ruwan gas, ɗaya na aiki ɗaya na jira. Ranar 6 ga Yuli 1988 aka tsayar da na farko don babban gyara, aka rubuta masa takarda. A ranar kuma wasu 'yan kwangila suka cire bawul ɗin da ke rage masa matsi don su gwada shi, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe wanda ba a ɗaure shi tamau ba. Wannan aiki takardarsa daban. Ƙarfe shida na yamma ta yi ba su gama ba. Shugabansu ya mayar da takardar ɗakin sarrafa injina, ya tarar da mai kula da wurin yana cikin hidima, ya ajiye ta ya tafi ba tare da sun yi magana ba.

Da misalin ƙarfe goma saura kwata na dare famfo na biyu ya mutu, ya ƙi tashi. Masu aikin dare suka duba takardar famfo na farko, suka ga ba a fara kwance shi ba, suka ga ba abin da zai hana a tayar da shi. Takardar bawul ɗin ba ta tare da ita, kuma babu wadda ta ambaci 'yar'uwarta. Gurbin bawul ɗin ma yana can sama, ba a hango shi daga gindin famfon. Binciken da alƙali Lord Cullen ya jagoranta ya kammala cewa mafi rinjayen zato shi ne gas ya fita ta wannan faifai. Wajen ƙarfe goma aka ji fashewar farko. Famfunan kashe gobara an mayar da su sai an kunna da hannu, saboda tsoron kada su zuƙe masu nutso da ke aiki a ƙarƙashin ruwa, kuma hayaƙi ya hana kowa isa gare su. Dandamalai biyu na maƙwabta, Tartan da Claymore, suka ci gaba da turo mai da gas na wani lokaci, don masu kula da su ba su ga suna da ikon tsayarwa ba. Mutum 226 ne a dandamalin. 61 suka tsira. Da ma'aikatan ceto biyu, waɗanda suka mutu 167 ne.

Rahoton Cullen ya fito a 1990 da shawarwari 106. Abin da ke ci mini rai a labarin shi ne bayanin da zai ceci waɗannan mutane a rubuce yake, da sa hannu, a cikin ɗaki ɗaya da masu buƙatarsa. Irin wannan ɓaraka ce kwamfuta ta fi iya toshewa. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Tekun Arewa suka fara mayar da takardun izini cikin manhaja. Kowace na'ura tana da lambarta, kowane izini yana rataye a jikin lambar. In ka nemi tayar da famfo, duk wani aikin da ba a rufe ba a kansa ko a kan bututunsa zai fito a allo, kuma manhajar za ta ƙi sakin makullin sai an rufe shi. In mai walda ya nemi izini kusa da inda wani zai buɗe bututun gas, taswira za ta nuna sun yi karo. Ba wata basira ba ce. Rashin mantuwa ne, da ajiye komai wuri guda. Jagorar da hukumar lafiya da tsaron ma'aikata ta Birtaniya ta fitar a 2005 ta yarda da wannan tsari, amma ta gindaya sharuɗɗa biyu da suka nuna ta san halin ɗan Adam: kada a iya ba da izini daga ofis ba tare da an taka zuwa wurin aikin ba, kuma a horar da ma'aikata kada su riƙa kwafo bayanin tsohon izini suna mannawa a sabo.

A wannan tsakanin ne kuma kamfanin Shell ya yaɗa wani zane mai siffar kalangu, tsukakke a tsakiya, buɗaɗɗe a baki biyu. A tsakiya ake sa lokacin da abu ya kuɓuce, a hagu sanadai, a dama sakamako, a kan kowane layi kuma katangun da aka gina. Manhajojin wannan zane suna haɗa kowace katanga da sunan muƙamin da ke kula da ita da ranar da aka duba ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma amfanin zanen shi ne a ga tsagar tun tana ƙarama.

A Amurka doka ce ta buɗe kasuwar. Bayan fashewar masana'antar Phillips a Pasadena ta jihar Texas ta kashe mutum 23 a Oktoban 1989, hukumar OSHA ta kafa ƙa'ida a 1992 da ta wajabta wa masu riƙe da sinadarai masu haɗari su yi nazarin haɗari, su rubuta shi, su sabunta shi duk shekara biyar. Dubban masana'antu suka wayi gari da tulin takardu, sai manhajoji irin su PHAWorks da PHA-Pro suka samu kasuwa. Aikinsu na magatakarda ne, su rubuta abin da aka tattauna, su bi sawun shawarar da ba a aiwatar ba. A jami'o'in Purdue da Loughborough an yi ƙoƙarin wuce nan, a koya wa kwamfuta ta karanta zanen masana'anta ta yi wa kanta tambayoyin. Ta yi, amma takan zubo ɗaruruwan abubuwa, muhimmi da shirme a gauraye, kuma ba ta san abin da tsohon ma'aikaci ya sani ba, cewa wancan bawul ɗin yana maƙalewa in an yi sanyi. Zaman majalisar bai mutu ba.

Shekarun da suka biyo sun nuna ɗaya fuskar al'amarin. Ranar 23 ga Maris 2005, a matatar BP ta Texas City, aka yi ta cika wata hasumiya mai tsayin ƙafa 170 har ruwan ya haura ƙafa 150, alhali ma'aunin yana nuna ƙasa da ƙafa 10. Allon mai sarrafawa bai nuna abin da ke shiga da abin da ke fita a shafi ɗaya ba, balle ya lissafa masa bambancin. Mutum 15 suka mutu, dukansu a ciki ko kusa da ofisoshin tafi-da-gidanka da aka girke dab da wurin. Kwamitin James Baker ya gano a 2007 cewa kamfanin ya riƙa duba alƙaluman zamewa da faɗuwa da yankewar yatsa, ya ga suna raguwa, ya ɗauka matatar lafiya take. Ƙidayar Heinrich ce ta dawo a sabuwar riga. A 2006 jirgin leƙen asirin Birtaniya samfurin Nimrod ya kama wuta a sararin Afganistan, sojoji 14 suka mutu. Binciken Charles Haddon-Cave ya tarar an ɓata shekaru ana cika rumbun bayanan haɗurran jirgin, aka miƙa aikin a matsayin kammalalle alhali kimanin kashi 40 cikin ɗari na haɗurran a buɗe aka bar su.

Labarin Tekun Meziko ya fi ban takaici. Kafin a zuba siminti a rijiyar Macondo a Afrilun 2010, manhajar kamfanin Halliburton ta nuna cewa in aka yi amfani da ƙarafan daidaita bututu kaɗan maimakon 21, akwai babbar barazanar gas ya keta simintin. Shida aka sa. Masu bincike sun saɓa kan nauyin wannan a cikin abin da ya faru, domin akwai matsalar haɗin simintin kansa da gwajin matsi da aka yi wa gurguwar fassara. Abin da ba a jayayya a kai shi ne gargaɗin ya fito a rubuce. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to a nan an faɗa, jin ne ba a yi ba. Ranar 20 ga Afrilu manyan jami'ai na kan dandamalin Deepwater Horizon da ke haƙa rijiyar, cikin dalilan zuwansu har da yaba wa ma'aikata kan shekara bakwai ba raunin da ya hana wani zuwa aiki. A daren dandamalin ya kama wuta, mutum 11 suka mutu.

Daga nan sai abin ya sauko cikin aljihu. Tsohuwar takarda mai gida uku ta koma wayar hannu: mai kula da leburori ya zaɓi irin aikin, manhajar ta jero masa haɗurran da aka saba gani, ya ɗauki hoton wurin, kowa ya sa hannu da yatsa, ofis ya gani nan take. A fannin gini, inda faɗowa daga sama ke cin kusan kashi ɗaya cikin uku na rayukan da ake rasawa a Amurka, masu bincike a Georgia Tech sun nuna a 2013 cewa manhaja za ta iya bin zanen gini na kwamfuta hawa-hawa, ta gano kowane gefe da kowane rami da ke buƙatar shinge, ta sa shi cikin jadawalin aiki tun ba a haƙa tushe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan haka aka zo da kyamarori masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke duba dubban hotunan wurin aiki su ware wanda bai sa hular kwano ba ko ya tsaya ƙarƙashin kaya. Ina ganin amfaninsu, amma ina lura da wanda suke kallo. Kyamara tana ganin lebura da kansa a buɗe. Kujerar injiniyan da aka bari ba kowa, ko gyaran da aka ɗage don a rage kashe kuɗi, ba sa fitowa a hoto.

Akwai kuma cutarwar da ba ta zuwa da fashewa. A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikinsu. Daga ciki, kimanin 330,000 ne haɗari ke kashewa. Sauran miliyan 2.6 cuta ce ke ɗauke su a hankali: ƙurar dutse da ta cika huhu, sinadarin da aka shaƙa shekara ashirin, doguwar sa'ar aiki da ta gajiyar da zuciya. Kan zafin rana kuwa, ƙasar Katar, bayan shekaru ana sukarta kan mutuwar leburorin ƙetare, ta kafa doka a 2021 da ta hana aiki a fili daga ƙarfe goma na safe zuwa uku da rabi na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ta kuma ce ko wane lokaci ne, in ma'aunin da ke haɗa zafi da gumi da rana da iska ya haura 32.1, a ajiye kayan aiki.